Ina Kilishina, Sarkin Musu?

Kano, 19 ga Ramadan 1446

Assalamu alaikum Sarkin Musu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ibada, ya iyali, ya kuma ruwan saman Maleshiya da ba ya gajiya? Mu nan zafi ya fara nuna hali, kafin azahar maƙogwaro ya bushe ƙamas. Rabona da rubuto maka tun babbar sallah, laifina ne, ba sai ka faɗa ba. Akwai maganar da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wadda ta hana ni barci.

Sun sauko! Jiya wajen ƙarfe sha ɗaya na dare kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya faɗa teku kusa da gaɓar Florida, ɗauke da 'yan sama jannatin Amurka Butch Wilmore da Suni Williams. Kwana takwas aka ce za su yi a tashar sararin samaniya, suka share kwana 286. A wajenku lokacin sahur ne, don haka kada ka ce min barci kake yi. Ni a tsakar gida na kalla, kan tabarma, bayan an dawo daga asham, babu wuta, cajin wayata saura kaɗan. Da lemomin saukar kumbon guda huɗu suka buɗe sai na yi kabbara da ƙarfi, har uwargida ta leƙo tana tambaya wa ya haihu. Auta kuwa ko kallon 'yan sama jannatin bai yi ba, kifayen dolfin da suka zo suna kewaya kumbon su suka tafi da hankalinsa, wai su ma tarya suka zo.

To yanzu mu koma teburin mai shayi, Satumbar 2014. Ranar da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta raba kwangilar kai mutane tashar sararin samaniya, ta ba Boeing dala biliyan 4.2, ta ba SpaceX biliyan 2.6, wa ya buga tebur har shayin Dogo ya zube? Wa ya ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kamfanin da ya sa hannu a rokar da ta kai mutum wata ba zai tsaya gasa da yaron da rokarsa ta farko ta faɗi sau uku a jere ba? Muka ƙulla a kan kilishi, mai yaji, na wurin mutumin nan na kwanar asibiti. A 2020 da Dragon ya fara ɗaukar mutane, wato Hurley da Behnken, na nemi haƙƙina, ka ce a jira Starliner, kumbon Boeing, ya tashi da mutane tukuna a ga ingancin aiki. Na jira shekara huɗu. Ya tashi ranar 5 ga Yunin bara ɗauke da Wilmore da Williams ɗin nan, iskar hiliyom ta yi ta yoyo, ƙananan injina biyar suka ɗauke ana dab da haɗewa da tashar, daga ƙarshe NASA ta ce ba ta yarda a dawo da mutane a cikinsa ba. Ya dawo fanko a Satumba. Na san abin da za ka ce, ai ya sauka lafiya a hamadar New Mexico. Gaskiya ne. Amma motar da ta kai amarya ta dawo ba 'yan rakiya, sai da aka nemo ta maƙwabta ta kwaso su, wa zai sake ɗaukar ta haya?

Af, na tuna, Dogo ya ƙara aure. Kar ka ce ni na faɗa maka. Ya ce wai zai kira ka da kansa idan ƙura ta lafa a gida, ka ga kenan sai baɗi.

Abin da har yau yake ba ni mamaki ba kumbon ba ne, gindin rokar ne. Ka tuna yadda muka taso: roka ta tashi, ta yar da gindinta a teku, shi kenan, kamar mutum ya sayi tirela sabuwa ya kai kaya Legas sau ɗaya ya cinna mata wuta. Da rokar Falcon 9 ta SpaceX ta dawo ta tsaya da ƙafafunta a Disambar 2015 ka ce haɗin kwamfuta ne. Yanzu akwai gindin da ya tashi ya dawo fiye da sau ashirin, har kallon ya daina jan mutane. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, mun sani, amma wannan jifan a tsaye yake faɗowa, a duba shi a sake jefawa. Sai na Oktoban bara a Texas, da gindin Starship, babbar rokar SpaceX, mai injina 33 ya dawo daga sama, hasumiyar ta miƙa hannuwa biyu ta cafke shi bai taɓa ƙasa ba. Na nuna wa ɗalibaina a aji, sau uku suka sa na maimaita. Wata yarinya a layin baya ta ce, Malam, in hannun ya kuskure fa? Na ce mata shi ya sa kowa ya yi nesa da wurin.

Kafin ka rama, bari in rama maka. E, saman Starship ya tarwatse a Janairu, ya sake tarwatsewa farkon wannan wata, tarkace na zuba kamar wutar biki, har aka karkatar da jiragen fasinja. Shi ne kuma abin da NASA ke jira ya sauke mutane a kan wata, alhali ko zuba masa mai daga wani kumbon a can sama ba a gwada ba tukuna. A nan bakina ya mutu.

Kuma in gaya maka gaskiya, bayan murnar jiya sai wani abu ya tsaya min a rai. Dalilin ba kamfani biyu kwangila tun farko shi ne kada a sake shiga halin da aka shiga bayan an ajiye kumbon Shuttle na Amurka a 2011, Amurka guda ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha shekara tara, kuɗin kujera yana ta hawa. Yanzu an bar hannun Rasha an faɗa hannun mutum ɗaya, Elon Musk mai SpaceX, mutumin da kullum ka buɗe waya yana cikin wata rigimar siyasa. Unguwar da rijiyarta ɗaya ce, kuma mai rijiyar yana da saurin fushi, ai ba a cika barci da minshari ba. Ko nan gida ka ga farin farantin intanet na Starlink a kan rufin shaguna, shi ma nasa ne. Wallahi har na tsinci kaina ina yi wa rokar New Glenn ta kamfanin attajiri Jeff Bezos fatan alheri, ita da ta kai falaki a tashinta na farko a Janairu ko da yake gindin ya salwanta. Kai, har Boeing ɗinka nake so ta gyara. Wannan bai shafe kilishi ba.

Jiya a wurin buɗa baki Liman ƙarami ya ji muna zancen, ya tambaya yaya mai azumi zai yi a tashar da ke kewaya duniya cikin minti casa'in, rana ta fito ta faɗi sau goma sha shida a kwana guda. Yara suka ce ai garaɓasa ce, azumin minti arba'in da biyar. Na ba shi labarin mutumin ƙasarku, Sheikh Muszaphar, da ya je a 2007 cikin Ramadan, malamai suka zauna suka rubuta masa jagora: ya bi lokacin inda ya tashi, alƙibla kuma gwargwadon iko. Ya ce yana son ganin takardar. Kai da kake can, in da hali ka nemo mana, ko da ta Turanci ce zan fassara masa.

Hajiya tana gaishe ka, ƙafar da sauƙi, ta fara zuwa tafsiri da kanta. Ta ce in tambaye ka ko yaran suna jin Hausa har yanzu ko sun koma cin shinkafa da safe.

Na duba sama na ga na ce akwai abin da zan tambaye ka. Ya shige min, wataƙila maganar filin ce, wataƙila ba ita ba. In ya dawo zan turo. Kilishin dai a haɗa da na shekara biyar da aka ja min rai, kuma ba na karɓar kuɗi a madadinsa, da ƙafarka za ka je ka sayo in ka zo sallah.

Naka,
Mutumin layin baya