Rashin kuɗi bai hana a koya wa yara sarrafa mutum-mutumi ba

Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare nan cikin Sakkwato. Duk lokacin da muka ta da maganar koya wa yara sarrafa mutum-mutumi, amsa ɗaya muke samu: babu kuɗin kaya. Ina roƙon a ba ni fili in shaida wa shugabannin makarantu cewa mafi yawan wannan aiki ba ya bukatar a sayi ko ƙusa.

Aikin shi ne mutum-mutumi ya nemo mafita da kansa. A sami farar takarda a zana sarƙaƙƙiyar hanya da baƙin maka, lungu kan lungu, wasu a toshe, da mashiga ɗaya da mafita ɗaya. A ɗauki hotonta da waya. A wajen kwamfuta hoton nan ɗigogi ne kawai a jere, kowanne da lambar haskensa daga 0 zuwa 255. Sai a yanka iyaka, mai duhu ya zama bango, mai haske ya zama hanya. Harshen kwamfuta na Python da manhajar sarrafa hoto ta OpenCV suna yin wannan cikin 'yan layuka, kuma kyauta ake sauke su.

Wajen neman hanyar ne yara ke shan daɗi. Dabarar da kowa ke fara kawowa ita ce a dafa bango da hannun dama a yi ta bi. Tana fitar da mutum idan bangayen duk a haɗe suke. Amma a Micromouse, gasar ƙananan mutum-mutumi masu neman hanya, inda fili ke da gida 16 a tsaye 16 a kwance, a tsakiya ake sa wurin zuwa, a raba bangonsa da na gefe, sai mai dafa bango ya yini yana zagaye. Daga nan nake nuna musu wata dabarar. A sa 0 a mashiga, gidajen da ke maƙwabtaka da ita su sami 1, na bayansu 2, lamba na ta malala kamar ruwa a fangalin fadama har ta taɓa mafita. Sai a juyo da baya ana bin lambar da ke raguwa. Babu hanyar da za ta fi wannan gajarta. Edward Moore ya wallafa dabarar tun 1959, kuma a 1968 masu binciken cibiyar Stanford a Amurka suka fito da wata dabarar neman hanya mai suna A* don mutum-mutuminsu Shakey. Ilimi ne da ya girmi iyayen ɗalibaina.

Akwai wahala, ba na ɓoyewa. Inuwar hannun mai ɗaukar hoto kan rikiɗe ta zama bango. Kwamfuta kuma tana ɗaukar na'urar, wato mutum-mutumin, a matsayin ɗigo, sai ta ba da hanyar da ke goge bango, don haka dole a ƙara wa kowane bango kaurin rabin faɗin na'urar kafin a fara lissafi. Ƙurar hunturu ma kan sa taya santsi.

Ranar da babu wuta, da alli muke zana gidajen a daɓen aji. A ɗaure wa yaro ɗaya ido, sauran su rubuta masa umarni: gaba uku, juya dama, gaba ɗaya. In sun yi kuskure, kowa na gani.

Shawarata ga ma'aikatar ilimi ta jiha ita ce a shirya gasa tsakanin sakandarori, zagayen farko da hoto da kwamfuta kawai. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi za su iya yin alƙalanci. Makarantun da suka haye ne kaɗai za a saya wa Arduino, wato ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'ura, da tayoyi.

Naku,
Malamin kwamfuta,
Mabera, Sakkwato.