Edita, don Allah a ba tseren keken laka ɗan fili a shafin wasanni

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira.

Ni mai karanta shafinku na wasanni ne, sana'ata gyaran keke, kuma ina da roƙo. Duk mako in an buɗe shafin nan sai ƙwallo, Firimiya, Laliga, wane ya sayi wane, ba na ƙin ƙwallo wallahi amma akwai wani wasa da nake bi a YouTube da Facebook wanda na tabbata da mutanenmu sun san shi da sun so shi, shi ne tseren keke na cikin laka da yashi da Turawa ke kira saikulokuros, a gajarce kuros. Abin da nake so ku riƙa kawo mana shi ne gasar da kowace ƙasa take yi don fitar da zakaranta, wadda a yawancin ƙasashen Turai ake yi a ƙarshen mako na biyu na watan Janairu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ba a kan kwalta ake yin sa ba. Fili ake killacewa mai zagaye kamar kilomita 3, a ciki akwai ciyawa da taɓo da rairayi da gangare da matakala, har da katakai da ake gindayawa a hanya, mutum ya yi ta zagayawa na kusan awa ɗaya in maza ne, kuma lokacin sanyin Turai ake yi, daga wajen Satumba zuwa Fabrairu. Inda taya ta ƙi tafiya sai ka diro ka saɓa keken a kafaɗa ka ruga da ƙafa ka sake ɗarewa ba tare da ka tsaya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kekensa a kafaɗa ya tsallake kwari da damina a hanyar cin kasuwar ƙauye ya san rabin wasan nan. Abin da ya fi jan hankalina ni a matsayina na mai gyara shi ne faɗin taya ba ya wuce milimita 33 bisa doka, kuma ba sa cika mata iska sosai don ta kama ƙasa, sannan akwai wurin da makanikai ke tsaye da keke na biyu, ɗan tsere ya iso a guje ya saki wanda laka ta cika ya cafki wankakke, su kuma su wanke wancan da famfon ruwa su duba sarƙa da birki kafin ya sake zagayowa. Makanikin da ya yi sakaci zai iya jawo wa ubangidansa asarar rigar shekara guda.

To ita rigar ce maganar. Wanda ya ci gasar ƙasa ana sa masa riga mai launin tutar ƙasarsa, shi zai riƙa sawa a duk tseren kuros da ya shiga har shekara ta zagayo. Ba lissafin maki ba ne kamar lig da za ka faɗi yau ka rama gobe, rana ɗaya ce awa ɗaya, in mura ta kama ka ko sarƙa ta tsinke shi kenan sai baɗi. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, gasar ƙasa ta girmi gasar duniya nesa ba kusa ba. Faransa ce ta fara a 1902, wani mai suna Daniel Gousseau ne ya tsaya aka shirya ta, Beljiyam ta bi a 1910, Siwizalan 1912, Lukzambog 1923, Sifen 1929, Italiya 1930. Ita gasar duniya sai a 1950 aka fara ta a Paris, Jean Robic ya ci, shi da ya ci Tour de France, babban tseren keken kwalta na zagaye Faransa, a 1947. Wato shekara 48 Faransawa na naɗa zakaransu kafin a zo a ce ga zakaran duniya.

A farkon lamarin manyan 'yan tseren kwalta ne ke yin kuros don kada jiki ya mutu lokacin hunturu. Wanda ya fara cin gasar Beljiyam a 1910 Philippe Thys ne, kuma daga baya ya ci Tour de France har sau uku, 1913 da 1914 da 1920. A Faransa kuwa Eugène Christophe ne ya riƙe gasar shekara shida a jere daga 1909 zuwa 1914, yaƙin duniya na farko ya shigo tsakani, ya dawo ya ƙara ci a 1921. Ranka ya daɗe, labarin mutumin nan kaɗai ya isa ya cika muku shafi. A Tour de France na 1913 yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye, kuma dokar lokacin ta ce kai kaɗai za ka gyara kekenka babu mai taimakonka. Sai ya saɓa keken ya gangaro da ƙafa tafiya mai nisa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya haɗa ƙarfen da hannunsa alƙalai na tsaye a kansa, awanni suka tafi, a ƙarshe kuma aka ƙara masa tarar mintuna saboda wani yaro ya yi masa zuga. Zuga kawai fa. Duk da haka ya hau ya ƙarasa tseren, kuma Thys ɗin nan na Beljiyam shi ya ci Tour na wannan shekarar. Ni dai a ganina ba don mutumin ya saba gudu da keke a kafaɗa a cikin hunturu ba da wuya ya iya wannan gangarar. Shi ne kuma mutum na farko da aka fara sa wa rawayar riga, wadda mai jan gaba a tseren ke sawa, a Tour a 1919, duk da bai taɓa cin gasar gaba ɗaya ba, abin yana taɓa min zuciya duk sanda na tuna.

Amma gidan kuros na gaskiya yanzu Beljiyam ne, musamman ɓangaren Filandas da ke arewacin ƙasar, can ne mutane ke biyan kuɗin shiga su tsaya cikin sanyi da takalman roba dubbai, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Don a gane ƙarfinsu, a gasar duniya ta 2012 da aka yi a rairayin garin Koksijde na ƙasarsu 'yan Beljiyam ne suka zo na ɗaya har zuwa na bakwai, Niels Albert a gaba. To in haka ne ka ga a irin waɗannan shekarun duk wanda ya ci gasar ƙasa a can kusan mutanen da zai haɗu da su a ta duniya ya kayar.

A nan ne musun yake, kuma ina so ku buɗe shi ga masu karatu. Roland Liboton ya ci gasar Beljiyam sau 10 a jere, daga 1980 har 1989, babu wanda ya karɓe rigar daga jikinsa shekara goma cur, ga kambun duniya huɗu a kai. Sven Nys kuma sau 9 ya ci, tsakanin 2000 da 2014, ya yi ta neman na goma bai samu ba har ya yi ritaya a 2016. In lamba za a bi Liboton ne gaba babu gardama. Amma ni zuciyata tana wajen Nys, dalilina kuwa shi ne mutanen da ya yi zamani da su. Mario De Clercq yana nan, Erwin Vervecken yana nan, Bart Wellens yana nan, daga baya Niels Albert ya taso, kuma kowanne cikin huɗun nan ya ci gasar duniya fiye da sau ɗaya, kenan duk Janairu sai Nys ya tsaya layi ɗaya da zakarun duniya 'yan ƙasarsu. Sun ƙwace masa rigar, De Clercq a 2001 da 2002, Wellens a 2004 da 2007, Albert a 2011, Klaas Vantornout a 2013, kowane lokaci sai ya dawo ya karɓe abinsa. Wanda aka kayar ya tashi har sau biyar yana dawowa, a wajena tara ɗinsa ba ta gaza goman kowa ba. Na san masoya Liboton za su ce riƙe abu shekara goma ba tare da rana ɗaya ta ɓaci ba shi ne ya fi wuya, kuma suna da hujja, shi ya sa nake so a tattauna.

Wani abin mamaki a tarihin nan, Erik De Vlaeminck da ya ci gasar duniya sau 7, a 1966 sannan daga 1968 zuwa 1973, a gida sau 4 kawai ya samu rigar Beljiyam. Mutum ya fi ƙarfin duniya amma gida na ba shi wahala.

Sai maganar mata, wadda ita ce aka fi dannewa ko a can ɗin. Sai a shekarar 2000 aka fara yi wa mata gasar duniya, Hanka Kupfernagel ta Jamus ta ci, shekara 50 bayan maza sun fara. Amma a ɗan wannan lokacin matan sun kafa tarihin da ya wuce na Liboton. Sanne Cant ta ci gasar Beljiyam sau 15 a jere daga 2010 zuwa 2024, ga kambun duniya uku a jere 2017 da 2018 da 2019. Yarinyar da aka haifa ranar da ta fara sa rigar sai da ta shiga sakandare kafin a ga wata da ita, sai a 2025 Marion Norbert Riberolle ta karɓa. Gaskiya in ana lissafin gwanayen gasar ƙasa a Beljiyam sunanta ya kamata a fara kira kafin na kowa, ba a sa ta a ƙarshen labari ba kamar yadda ake yi. A Amurka ma Katie Compton ta yi 15 a jere daga 2004 zuwa 2018 kafin Clara Honsinger ta tsayar da ita a 2019, sai dai ita labarinta bai ƙare da daɗi ba, a 2021 aka dakatar da ita shekara huɗu kan gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, ita kuma ta ce ba ta sha komai da saninta ba. Ina ganin in za ku kawo tarihinta ku kawo duka biyun, nasarar da dakatarwar. A Ingila Helen Wyman ta ci sau 10. Sauran ƙasashe ma kowa da nasa, Renato Longo sau 12 a Italiya, Albert Zweifel a Siwizalan da kambun duniya biyar, ba zan tsaya a kansu ba kada wasiƙar ta yi tsawo fiye da haka.

Akwai kuma gado a cikin abin, wanda na san zai burge mutanenmu. Adrie van der Poel ya sha cin gasar Holan kuma ya ci ta duniya a 1996, ɗansa Mathieu ya zo ya ci ta Holan shida a jere daga 2015 zuwa 2020, a 2025 kuma ya kamo De Vlaeminck da kambun duniya 7. Wannan Mathieu ɗin shi ne Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya kayar a ƙarshen wani zango na Giro, tseren keken zagaye Italiya, a 2022, masu bin keke a Afirka ba za su manta da ranar ba. A Beljiyam kuma a Janairun 2025 Thibau Nys ɗan Sven ya ci gasar ƙasa a Zolder, rigar da uban ya sa sau tara ta dawo gidan bayan shekara 11.

Yanzu ga abin da ke damuna, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na ɗauki waya na rubuto. Manyan biyu na wannan zamani, Mathieu van der Poel da Wout van Aert, sun koma suna tsallake gasar ƙasa. Van Aert ya ci ta Beljiyam sau biyar, 2016 da 2017 da 2018 da 2021 da 2022, bayan nan ya zama a tsakiyar Janairu sau da yawa yana can sansanin atisaye a Sifen yana shirin tseren kwalta na bazara, shi ma Van der Poel tun bayan 2020 haka. Na fahimci dalilin, kuɗi da suna suna wajen kwalta, kulob ɗin da ke biyansu albashi shi ke tsara musu kalanda, kuma jiki ba ƙarfe ba ne. Amma abin bai min daɗi ba. Michael Vanthourenhout da ya ci a 2023 da Eli Iserbyt da ya ci a 2024 sun sha wahala sun ci da guminsu, mutanen da ke cikin laka tun Satumba ne babu fashi, amma kullum sai ka ga ana rubuta musu a ƙarƙashin hoto wai ai don wane bai zo ba ne, wannan zalunci ne a kansu kuma ba laifinsu ba ne. Christophe da Thys manyan Tour ne a zamaninsu kuma sun tsaya a layin gasar gida, Sven Nys yana dab da shekara 40 yana zuwa ana kayar da shi yana sake zuwa. Wanda jama'ar garinsu suka tsaya masa cikin ruwa da sanyi tun yana yaro, ina ganin yana da nauyin ya ba su wannan awa ɗayan a shekara, ko ya ci ko a kayar da shi a gabansu.

In kun amince za ku fara, ba sai kun tura kowa Turai ba, sakamakon yana fitowa a intanet a ranar, ku ba mu sunan wanda ya ci a Beljiyam da Holan da Faransa, maza da mata, da irin filin da aka yi, laka ce ko rairayi ko ƙanƙara, don shi ke nuna wa mai karatu dalilin da wane ya ci wane ya faɗi. Ku kuma faɗa mana waɗanda ba su zo ba da dalilinsu.

Na gode, Allah Ya taimaka.

Naku,
Mai gyaran keke, daga Zariya