Gas ɗin kashin shanu: a faɗa wa jama'a har da haɗarinsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na makon jiya a kan haɗa gas ɗin girki da kashin shanu, kuma na ji daɗinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, cika tukunyar gas ya zama aiki, itace da gawayi kuma sai cin dajinmu suke yi. Duk wanda ya zo da dabarar da uwargida za ta tuƙa tuwo da abin da shanu suka kasayar, ya cancanci godiya. Ni kaina shekara huɗu ke nan ina da ramin da ake zuba kashin ya ruɓe ya ba da gas a bayan garkena. Sai dai baƙon naku ya kwashe kusan awa guda yana lissafa alfanu, bai ware ko minti biyu ya faɗi yadda abin ke halaka mutum ba. Dalilin wasiƙata ke nan.

Da an ce gas, hankalin kowa sai ya tafi ga gobara. Ni ramin ne ya fi ba ni tsoro. Abin da ke fitowa daga ruɓaɓɓen kashi ba iska ɗaya ba ce. Fiye da rabinta miten ce, wadda ke kamawa da wuta, sauran galibi iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ce, sannan akwai 'yar kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake kira haidirojin salfaid. Wannan 'yar kaɗan ɗin ita ce mugu. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a ƙasan rami. In ba ta da yawa hanci na jin ta, amma da ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. In ta doshi kashi 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato.

Na gani da idona. Bara da damina bakin ramin nawa ya toshe, muka kwashe rabin abin da ke ciki. Yaron da ke taya ni kiwo ya kwanta rub da ciki ya zura kai da kafaɗa zai sa sanda ya buɗe. Ban gama cewa ya dakata ba sai na ga jikinsa ya saki. Allah Ya sa ƙafafunsa na waje, muka jawo shi, muka kai shi asibiti, ya farfaɗo. Da ciki ya faɗa, na san zan bi shi ba tare da wani tunani ba, da yanzu wani ne ke ba da labarinmu.

Ai mun saba jin irinsa a rijiya da masai: waya ta faɗa, mutum ya shiga ɗaukowa bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su biyun. Sai a ce iska ce. Iskar ce kuwa, amma ba ta aljanu ba.

Kada a ce wannan sakacin ƙauye ne. A watan Nuwamba na 2005, a wani ƙauyen arewacin Jamus mai suna Rhadereistedt, mutum huɗu suka mutu a masana'antar irin wannan gas lokacin da ake juye sharar mahauta a rami, wannan iska mai guba ta taso ta cika ɗakin. A Disamba 2020 kuma wani rumbun ajiyar dagwalon bahaya ya fashe a Avonmouth kusa da Bristol a Ingila, mutum huɗu suka rasu, har da yaro ɗan shekara 16 mai koyon aiki. Masu injiniyoyi da dokoki ke nan. Shi ya sa nake jin tsoro in na ji ana maganar kafa manyan ramuka a kwata da gidajen kaji da makarantun kwana, alhali babu ko na'urar auna iska.

Gobarar ma ba abin rainawa ba ce. Miten na fashewa ne in ta gauraya da iska da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Saboda haka gas ɗin farko da sabon rami ko durom ya tara, wanda ke cakuɗe da iska, sakinsa ake yi a fili, ba a ƙyasta masa ashana don a ga ko ya nuna. Yoyon tiyo da ruwan omo ake gwada shi, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Ba a kwana ɗaki ɗaya da tub ɗin tayar da aka tara gas a ciki, kamar yadda na ga wasu samari na yi.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok, ana koya wa yara ɗura wannan gas a tukunyar gas ta kasuwa da injin tsohon firji. Gas ɗin kasuwa ruwa yake zama in an matse shi, wannan kuwa ba ya zama ruwa a zafin da muke ciki. Ɗan abin da zai shiga ba zai daɗe ba, ga laima da iskar gubar na cin ƙarfen ta ciki, in kuma iska ta bi shi ta shiga, an haɗa bam a kicin.

Roƙona, Malam Edita, ku maimaita shirin. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni. Ku gayyato wani daga can, ku haɗa shi da jami'in kwana-kwana. Ku sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da makiyaya da masu gidajen kaji suka dawo gida, ba da hantsi ba kamar wancan karon.

Na gode.

Mai sauraronku,
wani manomi kuma makiyayi daga Funtuwa