A tambayi mutanen bakin kogin Logon kafin a yanke magana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun yarjejeniyar Paris ta 2015 manyan duniya ke cewa za a taimaki ƙasashenmu su jure sauyin yanayi, a taron Dubai na 2023 kuma suka ce gyaran sai ya kai har tushe, amma haryanzu ana ta jayayya kan me hakan ke nufi. To wlh mu nan Kusiri a arewacin Kamaru mun san abin da ba shi ba ne. Buhun yashi da ake jerawa bakin Logon duk damina ba shi ba ne, ruwan 2024 ya nuna mana, garin Yagwa ma haka, mutane suna fito da katifa da awaki cikin kwalekwale.

Gyaran tushe shi ne a ba talaka fili kan tudu da takarda, da rijiya da makaranta, kafin ruwa ya iso, a kuma zauna a raba ruwa tsakanin masunta da makiyaya, ai kowa ya tuna jinin da ya zuba a Logon Birni a 2021. Kuɗin kuma ya zo kyauta, don in bashi ne mu za a bari da biya. Wakilan Kamaru da Chadi dan Allah ku faɗi wannan a taro na gaba.

Naku mai karatu, daga Kusiri, Kamaru