Barka da Sallah daga Kobe, da saƙon Ɗan Inna na Kiyoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi da safe a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, ya tsira daga wutar yaƙi ta 1945 da girgizar ƙasa ta 1995. Muna gabanku da awa 8, wato ƙarfe takwas ɗinmu sha biyun darenku ne, shi ya sa ban kira a lokacin ba. Sallah ba ranar hutu ba ce a Japan, daga hutun shekara mutum ke cire kwana ɗaya. Yanka kuma aikin mayanka ne mai lasisi, ba mai ɗaure rago a ƙofar gida. Don haka Yaya, na gode da ka tsaya a kan layyata, Allah ya bar zumunci.

Babban albishir: an samu Ɗan Inna, abokina ɗan Japan ɗin nan na Kiyoto, bayan shekara 12. Ya ce a durƙusa a gaishe da Baba, a gaya wa Inna har yau bai manta da tuwon shinkafa da miyar taushe ba. Auta, buɗe kunnenka da kyau, tunda kai za ka iso Kiyoto karatu a watan Oktoba, kuma mahaifiyarsa ta ce gidanta gidanka ne kamar yadda ya zama nawa a da.

Abin da ya raba mu tun farko waya ce. Mutanen nan da manhajar waya ta LINE suke zumunci, kuma in ka canja lamba ba ka fara ƙaurar da asusunka ba, sunayen mutanenka duk sun tafi. Abin da ya sake haɗa mu kati ne da na aika ta gidan waya zuwa tsohon adireshinsu. Ya isa ne don ba su tashi daga gidan ba. Gidan waya shekara ɗaya kawai yake bin wanda ya ƙaura da wasiƙunsa. Rubuta adireshinsu a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai.

Akwai labari mai nauyi. Mahaifinsa ya rasu shekara uku da suka wuce. Al'adarsu ita ce gidan da aka yi rashi su aika kati a watan Nuwamba ko farkon Disamba, su sanar cewa bana ba za su yi gaisuwar sabuwar shekara ba. Namu katin bai san inda zai same mu ba. Baba, na isar da ta'aziyyarku. A ɗakin zama akwai ɗan akwatin ibadarsu da hoton mamacin, baƙo kan kunna turare ya kaɗa ƙaramar ƙararrawa ya haɗa tafuka. Wannan ba namu ba ne, kuma hanyar kauce masa ba tare da ɓata rai ba ita ce ka faɗa wa Ɗan Inna tun a waya, shi zai sanar da tsohuwar kafin ka zo. Kai dai ka zauna gabanta ka ce “goshusho-sama desu”, gaisuwarsu ta ta'aziyya, ka saurari abin da za ta faɗa game da mijinta. Sauraron shi ta fi buƙata.

Shiga gidan yana da ƙa'ida. A bakin ƙofa akwai ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa inda ake tuɓe takalmi. Ka hau dandamali da safa, ka juya ka jera takalmanka suna kallon waje. Safar ta zama mai tsabta marar huji. Silifas ɗin da za a ba ka ba a taka tabarmar tatami da shi, kuma banɗaki yana da nasa daban, wanda baƙi suka fi mantawa su fito da shi a ƙafa. Tsaraba ta yen 2,000 zuwa 3,000 ta isa, mai tsada nauyi take ɗora musu, don sai sun rama. Ba a miƙa ta a ƙofa, sai an zauna, ka zare ta daga jakar takarda ka miƙa da hannu biyu. Kauce wa abu huɗu ko tara, domin lafazin huɗu ya yi daidai da na mutuwa, na tara da na wahala. Da ka buɗe ƙofa ka ce “tadaima”, wato na dawo. Ni da na faɗa, tsohuwar ta fito daga kicin tana goge hannu a zanen girkinta, ta ce “okaeri”, barka da dawowa, ta sake faɗa sau biyu tana riƙe da hannun rigata.

Inna, na san zuciyarki: za ki so ki ƙulle masa soyayyen naman layya da kilishi. Don Allah kada a sa ko yanki ɗaya a jakar Auta ko a gidan waya. Japan ta hana shigo da nama daga ƙasashe irin tamu, ɗanye ko busasshe ko dafaffe, don tsoron cututtukan dabbobi. Akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi, kuma hukuncin yana kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. A saya masa hula da rinannen yadi daga marinar Ƙofar Mata. Su ma mutanen shuni ne, a Arimatsu ta Nagoya sun fi shekara 400 suna rinin ɗauri, tsohuwar za ta san darajarsa da ta gani. In za a haɗa da jakar fata, ta akuya ko ta saniya, ban da ta kada ko mesa, waɗannan kwastan na riƙe su.

Washegarin haɗuwa muka bi tsofaffin wurarenmu. Daga Sannomiya ta Kobe zuwa tashar Kiyoto wajen minti 50 ne a jirgin ƙasa mai sauri na kamfanin JR. Kai Auta daga filin jirgin Kansai za ka hau jirgin ƙasa Haruka, awa ɗaya da kwata ko ɗan fiye. Yi sallarka kafin ka fito, akwai ɗakin salla a filin. Sayi katin ICOCA, ana riƙe yen 500 a matsayin ajiya, yana aiki a jirgi da bas da kantuna. Bas ɗin gari ta baya ake shiga, a biya yen 230 a gaba lokacin sauka. Tikitin yini na bas kaɗai da muke amfani da shi a da an daina sayar da shi a 2023, saboda 'yan yawon buɗe ido sun cika motocin har mutanen gari ba sa samun wuri. Wanda ya rage shi ne na yen 1,100 mai haɗe da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shawarata ka bi jirgi duk inda jirgi ke zuwa.

Wurin da bai canja ba shi ne Demachiyanagi, inda kogin Takano ya haɗu da Kamo. Duwatsun tsallaka masu siffar kunkuru suna nan, yara na ta tsalle a kansu. Yanzu damina ce a nan, in ka ga ruwa ya yi ja ya shafe bayan duwatsun kada ka taka, ruwan sama a kan tsaunukan arewa yana cika kogin cikin ɗan lokaci. Kusa da nan akwai shagon Demachi Futaba, tun 1899 suke yin mame-mochi: shinkafa mai danƙo da aka kirɓa, da wake mai ɗan gishiri a jikinta, da markaɗaɗɗen jan wake mai zaƙi a ciki. Layi yana da tsawo, ba sa buɗewa ranar Talata, kuma a ranar ake ci, in ya kwana ya yi tauri. Kada ka ci a fili a bakin kogi. Shirwa tana shawagi a sama, ta baya take zuwa ta fizge abin hannu, farcenta yana yanka yatsa. Zauna ƙarƙashin bishiya ko gada.

Daga nan jirgin Keihan ke kai mutum Fushimi Inari, amma mafi saurinsu, tokkyu, ba ya tsayawa can, sai ya wuce da kai Tambabashi. Wurin bautarsu ne, mu hawan dutse ke kai mu. Tsayinsa mita 233, jajayen ƙofofin katako dubbai sun rufe hanya, zuwa ƙoli da dawowa awa biyu zuwa uku. Ba a biyan kuɗi kuma ba a rufewa. Da hantsi ƙasan ya zama kasuwa, ba kamar da ba, sai ka je kafin ƙarfe bakwai. Mararrabar Yotsutsuji, wajen minti 40 daga ƙasa, daga nan ake hango gari, kuma yawancin mutane nan suke juyawa. Sayi ruwa tun a ƙasa, kuɗinsa yana hawa tare da kai.

Sai abinci, inda aka fi tuntuɓe. Alade kowa ya san shi, koyi harafinsa, 豚, ka riƙa duba bayan leda. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashinsa ne. Abin da ke ɓuya shi ne mirin da sake, giyar shinkafa da ake zubawa a miya da kifi da ƙwai, har mai girkin ba ya lissafa su a giya. In ka ce ba ka shan giya kawai, za a kawo maka abinci da su a ciki da zuciya ɗaya. Ambaci sunayensu biyun. Romon dashi na ganyen teku da busasshen kifi ba matsala, haka tofu, wato awara, da ake dafawa a ruwan zafi, wanda Kiyoto ta yi suna da shi. Tsohuwar ta riga ta ware tukunya ɗaya dominka. A teburinta kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, mamaci ake yi wa haka.

Ɗan Inna yana son ya kira ku ta bidiyo ranar Lahadi, ƙarfe sha biyun ranarku, takwas ɗin darenmu. Yaya, a caja waya, a tara yara. Yana ta maimaita gaisuwar Hausa don kada ya yi kuskure gaban Baba.

A gaishe da Gwaggo da Kawu da maƙwabta duka. Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Naku,
ɗanku na Kobe