Zuwa ga 'yata, kan yaran nan biyu na gidanki

Assalamu alaikum 'yata, ya gida ya yaran? Tunda kika faɗa min a waya cewa taki da 'yar mijinki basa ga maciji nake ta tunaninku.

Akwai wani katun na ƙasar Denmak da ya fito a 2020, Dreambuilders, dan Allah ki nema ku kalla ku duka harda maigidan. Yarinya ce Minna tana zaune da babanta su biyu cikin jin daɗi, kawai sai ya kawo matar da zai aura da 'yarta Jenny, aka haɗa su ɗaki ɗaya, ita Jenny kullum tana kan waya tana yiwa Minna dariyar kayan sawarta, ga ɗan ɓeran gidan da Minna ke kiwo shima bata son ganinsa. Toh sai Minna ta gano inda wasu halittu ke shirya mafarkin mutane kamar masu shirya dirama, ta fara shiga tana dagula mafarkin Jenny wai dan ta gyara mata hali, har abu ya ɓaci Jenny ta kasa farkawa, dole Minna ɗin ce ta koma ta ceto ta.

Abinda nakeso ki lura dashi, mai shirun ce tayi aika-aikar a ɓoye, ita kuma mai bakin ashe rabuwar iyayenta ke cinta. Kowacce da ciwonta, ita Minna ma uwarta tafiya tayi ta barsu. Kinga in kika tsaya kan wadda tafi ɗaga murya kawai zakiyi hukuncin zalunci baki sani ba.

Ki daina cewa ɗaya ita kaɗai tayi haƙuri kullum dan a zauna lafiya, wallahi yaro yana ajiye wannan a zuciya har girmansa. Kayan da yarinyar nan take dasu tun kafin ki shigo gidan, gadonta, hoton mamanta, kar a taɓa sai an tambaye ta. Kar ki tilasta mata ta kira ki Mama, zata kira in ranta ya kwanta. Taki kuma kar ki bari kowa yace mata agola, ko da wasa ne, ki faɗawa maigidan wannan a tsanake ku biyu ba gaban yara ba.

In kun kalla ki tambayi kowacce ita kaɗai wa tafi tausayawa a fim ɗin, ki saurara kar ki gyara mata amsa. Ki kira ni ranar Juma'a inji me suka ce. Allah yayi muku albarka.

Mamanki