Amsa ga Malamin da ya tambaye ni dalilin tunawa da Sara Cizik

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: me ya kai ni rubutu a kan Bayahudiya alhali jinin Falasɗinawa bai daina zuba ba? Tambayar da nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba.

Sara Cizik 'yar ƙasar Yukiren ce, tana ƙarama iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Falasɗinu, suka kama noma a Menahemiya. Tana da kimanin shekara 22 ta tafi Tel Hai, wata 'yar gona mai katanga can ƙuryar arewacin Galili. Zamanin ruɗani ne: sojojin Ingila sun janye daga yankin a ƙarshen 1919, magoya bayan Sarki Faisal na Siriya suna fafatawa da Faransa, gonar kuwa ta zama ciyawa tsakanin giwaye. Ranar 1 ga Maris 1920, Kamil al-Husain na ƙauyen Khalisa ya zo da mutanensa neman sojojin Faransa da suke zargin an ɓoye. Aka buɗe musu ƙofa suka shiga. Magana ta ɓaci, bindiga ta tashi, aka jefa gurneti cikin ɗakin bene inda Sara take. Yahudawa 6 suka rasa ransu, har da shugabansu Yusuf Trumpeldor. Larabawa ma sun yi asarar rayuka. A 1929 ɗan'uwanta Efrayim shi ma ya faɗi yana kare gonar Hulda. Gida ɗaya, Malam, makoki biyu.

Ga abin da ya hana ni yin shiru. An haɗa waɗannan 6 da wasu 2 da aka kashe tun farko, aka kafa musu gunkin zaki mai ruri kusa da Kfar Giladi a 1934. Daga baya aka gina garin Kiryat Shimona, wato Garin Takwas, domin tunawa da su. A ina? A kan kufan Khalisa, wadda mutanenta suka watse a 1948 ba su sake komowa ba. Ka ga labarin Sara da na Khalisa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Duk wanda ya ba ka rabi ya ɓoye rabi, ya cuce ka.

Tausayin yarinyar da ta mutu da ƙuruciyarta bai rage mini ko ƙwayar zarra daga haƙƙin Falasɗinawa ba. In ka yarda, rubutuna na gaba a kan mutanen Khalisa ne da inda suka ƙare a Lebanon.

Na gode, Allah ya ƙara girma.